Kwamfutar Yaya Ba Ta Wuce Sha Huɗu Ga Wata

Duk dangi Injiniya suke ce mata, ko da yake ba ta taɓa taka ƙofar makarantar injiniyoyi ba. Mai buga takardu ce. Shekara ashirin da takwas ta yi a ofishin wasu lauyoyi, a wani ɗan ɗaki da ke ƙarƙashin bene, tana buga yarjejeniyar haya da wasiƙun gargaɗi. Da tafireta ta fara, irin wadda in ka kuskure harafi ɗaya sai ka sake shafi. Ranar da aka kawo kwamfuta ofishin, manyan lauyoyi suka tsaya daga nesa hannu a aljihu, kowa na cewa yana da shari'a da safe. Ita aka tura. Ta zauna da littafin da aka haɗo a kwalin, ta karance shi daga bango zuwa bango, ta ɓata ta gyara, har na'urar ta saba da hannunta.

Tun daga nan ta shiga uku. Firinta ta cinye takarda, a kira ta. Allo ya yi baƙi, a kira ta. Da ta yi ritaya ta ɗauka ta huta, ashe dangi na nan sun yi layi. Wannan hotunan jikokinta sun ɓace daga waya, wancan ya manta kalmar sirrinsa karo na tara. Gwiwarta ta hagu ta shekara biyu tana damunta, babu wanda ya taɓa bugo waya don ya tambayi gwiwar. Sai dai a gaisa a gurguje a ce, "Dama wani ɗan abu ne." Wannan ɗan abu ya cinye mata ranaku ba adadi.

Aikin ya bar mata hali guda: ba ta jure dogon bayani. Mutane in na'ura ta lalace musu sai sun faro daga abin da suka ci da safe. Ita tambayarta ɗaya ce: "Me ya rubuta a allon?" In ka fara kewaye-kewaye sai ta ɗaga maka tafin hannu, kamar mai tsayar da mota. Kuma sau tara cikin goma gaskiyarta ce, abin da ya ƙara lalata ta ke nan.

Duk duniya babu mai dogon bayani kamar yayanta, babban gidansu. Shekara goma sha ɗaya ya ba ta, kuma har yau Auta yake ce mata, ga ta da jikoki uku. Yana da shagon surfani a wani layi mai cunkoso, tsakanin mai yankan makulli da mai sayar da labule. Shagon siriri ne, keken surfani mai kawuna huɗu ya cinye rabinsa. Sauran rabin kantocin zare ne kala-kala, da teburi guda, da kujera guda da ta rasa majingina. A nan yake ɗinka tambarin makarantu a aljihun riguna, da sunayen ma'aikata a kayan aiki, da furanni a bakin zanen gado. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya fara gaya maka inda ya sayi agogon.

A kan teburin akwai tsohuwar kwamfuta, fara a da, yanzu ta koma launin haƙorin tsoho. Wata ƙatuwar waya ta haɗa ta da keken. A cikinta akwai manhajar da ke ba keken umarni, da zane dubu huɗu da ɗari uku da Yaya ya tsara da hannunsa cikin shekara goma sha bakwai. Babu kwafinsu a ko'ina. Satin da ya wuce faifan ajiyarta ya fara wani tak-tak-tak kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki. Babbar 'yar Yaya ta ji, ta tsorata, ta kawo masa sabuwar kwamfuta ta tafi-da-gidanka, ta ce a kwashe zanen tun kafin tsohuwar ta cika. In faifan ya mutu da su a ciki, shagon ya zama ɗakin ajiye zare. Ga kuma aikin tambari ɗari shida na wata makaranta da za a karɓa ƙarshen mako.

Sai aka kira Injiniya. Ta iso da hantsi, tana ɗingishi, da filashi a jaka, tana cewa aikin minti goma ne. Ta sunkuya bayan tsohuwar tana laluben ramin filashi. Yatsanta ya taɓa wani abu mai tauri. Ta haska fitilar waya, ta duba, ta sake dubawa.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Gam ne."

"Na ga gam ne. Me ya kawo gam cikin ramin filashi?"

"Ai shekarar da aka yi ruwan nan da ya shiga kasuwa, wani ya zo da filashi, ya ce tambarin ƙungiyarsu na ciki. Ina sakawa cuta ta shiga, ta cinye mini zane tamanin. Sai na ce ta inda ta shigo, ta nan zan toshe."

Ramuka shida ne, gaba da baya, duk ya ɗure su da gam ɗin manne takalmi. Wurin saka faifan sidi kuwa ya daɗe da cijewa. Ta ce to a buɗe cikin kwamfutar a ciro faifan ajiyar, ya dafe murfin da hannu biyu ya ce sai dai a fara buɗe nasa cikin. Ita ma a ranta ba ta so, don faifan da ke irin wannan kuka in aka jijjiga shi ba lalle ya farka ba. Saura hanya ɗaya: a haɗa su biyun da wayar sadarwa, tsohuwa ta buɗe jakar zane, sabuwa ta shiga ta kwasa.

"Kafin ki fara," in ji Yaya, "akwai abin da ya kamata ki sani. Shekarar da aka kawo keken nan, mutumin da ya kawo shi, wani dogo mai tabo a nan gefen ido, ya ce mini..."

Ta ɗaga tafin hannu. "Yaya, ban zo ɗaukar tarihi ba. Miƙo mini wayar can."

Ya miƙa mata, ya koma ya tsaya jikin keke.

Ta jona wayar, 'yan fitilun bayan suka fara ƙifta ido. Ta ba kowacce lambar adireshi da hannu. Ta aika gwaji daga sabuwa, tsohuwa ta amsa nan take. Wato suna jin juna. Amma da ta buɗe wurin da ake ganin maƙwabta a sabuwar, fayau, babu kowa. Ta bincika ta tarar sabuwar ta ɗauki shagon Yaya a matsayin wurin taron jama'a, ta rufe ƙofofinta ruf. Ta gaya mata nan gida ne. Ta duba sunan rukunin da kowace kwamfuta ke ciki, kowacce da nata, ta mayar da su ɗaya. Har yanzu fayau.

Mai makulli ya leƙo, da ma tun shigowarta kunnensa na shagon. "Hajiya, a kashe a kunna mana. Tawa haka nake mata."

"Taka rediyo ce," ta ce ba tare da ta juyo ba.

Azahar ta kawo kai kafin ta gano inda gizo ke saƙar. Tsarin aikin tsohuwar ya girmi na sabuwar da zuriya uku ko huɗu. Hanyar raba fayil da tsohuwa ta sani, masu ƙera sabuwa sun kashe ta, wai ba ta da tsaro. Tana nan a ciki, amma an binne ta can ƙasan saituna, bayan taga ta biyar. Injiniya ta tono ta, ta kunna, sabuwar ta gargaɗe ta sau biyu kamar ita ce ba ta san abin da take yi ba, sannan ta ce sai an sake kunna ta. Da aka sake kunna ta sai ta ce tana wani gyaran kanta, kada a kashe. Minti arba'in suna kallon ɗigo na zagaye. Duk wannan lokaci tsohuwar na tak-tak-tak a gefe, kowane tak sai Injiniya ta ji shi a gwiwa.

Ita ma tsohuwar ta buƙaci a kashe a kunna. Injiniya ta kai hannu, Yaya ya yi wuf ya riga ta.

"Bari ni in kunna ta. Akwai yadda ake yi. Kin san saboda batun agogon nan da na fara..."

"Yi duk tsafin da ka saba," ta ce, ta juya wajen sabuwar.

Ya rufe allon da faɗin bayansa, ya danna 'yan maɓallai a hankali da yatsa ɗaya, sannan ya matsa. Mai makulli, da ya ga an kashe an kunna har sau biyu, ya gyara tsayuwa yana murmushin wanda aka bi shawararsa.

Sai ga tsohuwa ta bayyana a allon sabuwa. Injiniya ta sauke numfashi, ta danna. Taga ta fito: suna da kalmar sirri.

"Mene ne kalmar sirrinka?"

"Ba ni da ita. Me zan ɓoye? Furanni?"

Ta bar wurin babu komai, sabuwar ta ƙi. Ba ta shiga gidan da babu makulli, wai don tsaro. Ta koma kan tsohuwa ta ƙirƙiri kalmar sirri, ta rubuta wa Yaya a bayan wani kwalin zare da manyan baƙaƙe. Ta dawo ta shigar. Ba daidai ba ne, in ji sabuwa. Ta sake, harafi harafi. Ba daidai ba ne. Matar da ta shekara ashirin da takwas tana buga takardun kotu ba tare da kallon yatsunta ba, yau na'ura ke gaya mata ba ta iya buga harufa takwas ba. Sau goma sha ɗaya ta gwada. Ta canja kalmar, ta canja sunan, ta cire gilashinta ta goge ta mayar. Kanta ya ɗau zafi, ga yunwa, ga warin man keke, ga kujera babu majingina. Ta yi tsaki mai tsawon da ya sa mai makulli ya ja da baya taku ɗaya.

Tana cikin haka idonta ya faɗa kan kusurwar allon tsohuwar, inda kwanan wata yake. Sha huɗu ga watan uku. Su kuwa suna cikin watan tara. Ta matsa kusa ta karanta shekarar, ta ga shekara goma sha bakwai baya.

"Innalillahi. Yaya! Ka ga abin da ya wahalar da ni tun safe? Agogonka ya tsaya tun kafin a haifi jikata. Ta yaya sabuwar za ta yarda da kalmar sirrin da ta fito daga wancan zamani? Ai ƙarya take ɗaukarta."

"Kada ki taɓa shi." Muryarsa ta fito da ƙarfin da ba ta saba ji ba. "Shi ne abin da nake ta son gaya miki. Dogon nan ya ce mini..."

Daidai nan aka yi sallama a ƙofa. Shugaban makarantar nan ne mai tambari ɗari shida, ya tsaya da mota a tsakiyar layi, ana ta danna masa oda, yana so a zo a ga launin yadi.

"Kada ki taɓa, Auta. Ina zuwa."

Ya fita. Injiniya ta zauna tana kallon kusurwar allon. Mutumin da ya ɗure ramuka shida da gam. Mutumin da ke lulluɓe kwamfuta da tawul wai kada ta yi mura. Yanzu kuma agogo ne ba a taɓawa. Ta san irin bayanin da ke tafe: sai an bi ta kan dogo, da tabonsa, da ƙanin dogo, da kuɗin motar wancan zamani, kafin a zo kan maganar da ba ta da kai. Faifan ya yi tak-tak-tak. Ta kai hannu ta gyara rana da wata da shekara. Bai ɗauke ta rabin minti ba.

Ta shigar da kalmar sirrin. Jakar zane ta buɗe.

Daɗin da ta ji a lokacin, ba ta ji irinsa ba tun ranar da firintar lauyoyi ta fara fitar da takarda. Ta zaɓi duka, ta ja, fayiloli suka fara tsallakawa. Tana kallon sunayensu suna wucewa: zaki mai littafi, fure na matar likita, tauraro gyara na uku. Ta lura duk kwanan wata ɗaya suke ɗauke da shi, sha huɗu ga watan uku, kamar a rana guda Yaya ya zana su duka. Ta yi dariya ita kaɗai. Kafin ya gama da shugaban makaranta, wanda shi ma ba baya ba ne wajen zance, dubu huɗu da ɗari uku sun sauka lafiya.

Ya shigo ta juya masa allon sabuwar. "Ga zanenka. Ƙirga."

Bai kalli sabuwar ba. Kusurwar allon tsohuwar ya kalla, fuskarsa ta sauya. "Kin buɗe manhajar keken?"

"Yanzu zan buɗe maka, ka ga agogo ba dodo ba ne."

"Auta, tsaya..."

Ta riga ta danna. Maimakon filin zanen da ya saba fitowa, wata 'yar taga ce ta fito, mai layi biyu. Kwanakin gwaji sun ƙare. A shigar da lambar mallaka.

Ta mayar da agogon sha huɗu ga watan uku, ta sake buɗewa. Taga ɗaya. Ta kashe ta kunna, ta sake. Taga ɗaya. Manhajar ta riga ta ga ranar yau, ta rubuta a wani lungu da ita kaɗai ta sani, ba ta kuma mantawa. Mai makulli ya zame ya koma shagonsa, ba da jimawa ba aka ji injinsa na gurzar ƙarfe da ƙarfi fiye da kima.

"Sau uku na fara gaya miki," in ji Yaya. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

Ta tashi daga kujerar, ta tura masa, ita ta zauna a kan kwalin zare.

"Faɗa mini yanzu, Yaya. Daga farko."

Ya faro daga farkon kuwa. Dogon mai tabo, da motar da ta kawo keken, da yadda aka cire ƙofar shago kafin ya shiga. Dogon ya saka masa manhaja ta gwajin kwana talatin, ya ce lambar mallaka na tafe daga kamfani. Ana saura kwana biyu ya dawo ya ce kamfanin ya rushe, shi ma zai bar garin. Amma ya koya masa dabara: ya cire ɗan batirin agogon, ta yadda kullum aka kunna kwamfutar sai ta tambayi kwanan wata. Ya ce masa ya riƙa ba ta sha huɗu ga watan uku, kada ya yarda ta ga wata rana daban manhajar na buɗe. In ta gani sau ɗaya, shi ke nan. Haka Yaya ya yi kowace safiya, shekara goma sha bakwai, bai kuskure ko sau ɗaya ba, har ranar da aka yi masa aikin ido sai da ya lalubo maɓallan. Bai gaya wa 'ya'yansa ba don yana jin kunya, kada su ce mahaifinsu na yi wa na'ura ƙarya.

Bayanin ya ɗauki minti ashirin da biyar. Abin da ke cikinsa mai amfani bai wuce minti ɗaya ba, kuma minti ɗayan nan ya isa. Da ta ji shi da safe, da ta gyara agogon, ta kwashe zanen, ta mayar da shi kafin a buɗe komai. Da ma ta nemo wani faifan ta kwafe tsohon ɗungurungum, da manhajar da ƙaryarta, keken ya ci gaba da aiki. Ta san yadda ake yi sarai. Wannan sanin ne ya fi ci mata rai.

"Zanen dai sun fito duka?" ya tambaya.

"Duka."

"To, an gode Allah." Ya ɗauki tawul ya lulluɓe tsohuwar, ya ja yadi ya rufe kawunan keken guda huɗu, da sauran rana a waje.

Washegari ta riga shi zuwa, babu wanda ya kira ta. Ta zo da filashin nan da ya tsana, ta ɗauki zanen zaki mai littafi daga sabuwar, don ta kai wa wani mai irin keken a bayan tashar mota ya ɗinka tambari ɗari shidan, a fita kunyar makaranta. Mutumin abokin hamayyar Yaya ne, kuma ta san sai ya ja mata rai. Ta kuma zo da littafin rubutu, ta kwafe duk lambobin da ke jikin keken, don ta fara cigiyar manhajar da za ta iya magana da shi. Ba ta san ko akwai ba. Ta gaya wa Yaya hakan ba tare da ta sassauta ba, ya gyaɗa kai.

Ya buɗe tagogi, ya share ƙasa, ya jera zaren da ba za a taɓa ba yau. Sannan ya yaye tawul ya kunna tsohuwar, don hannunsa bai san wata safiya daban ba. Baƙin allo ya fito yana tambayar kwanan wata. Ya ɗaga yatsansa ɗaya kan maɓallan, ya tsaya. Injiniya tana bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, ta ga yatsan na shawagi. Ta buɗe baki, ta rufe, ta jira.

Ya juyo a hankali.

"Auta, yau nawa ga wata?"